Jan Gari a Goshin Maijidda

Daura,
26 ga Satumba, 1977.

Yarinya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan. Mun yi ƙaramar Sallah lafiya. Ƙafata ta hagu ta yi sauƙi tun da ruwa ya fara ɗaukewa. Ƙannenki Hasana da Jafaru suna gaishe ki. Gero ya yi kyau bana. Makarantarmu kuwa ta cika ta batse tun da aka ce kowane yaro ya shiga kyauta. Aji guda a gindin darbejiya yake, kuma ni da ake kira shugaba ni ce nake koyar da shi.

Takardarki ta iso. Kin ce za a rufe kwalejin likitanci saboda bikin wata abar bautarsu mai suna Durga, kuma matar da kike zaune a gidanta, Shefali, tana ta share-share kamar mai jiran baƙo. Na lura da murna kika rubuta wannan. Ban ji daɗin murnar ba.

Bari in tuna miki, ko kin manta. Lokacin da takardar tafiyarki Kalkata ta fito, mahaifinki bai shekara da rasuwa ba. Baffanki Dabo ya ce 'yar ɗan'uwansa ba za ta ƙetare teku ita kaɗai zuwa ƙasar da ake girmama abin da shi yake sayarwa a kasuwar shanu ta Mai'adua ba. Ni na tsaya gaban dattawan gidanku na ce na ɗauki alhakinki. Na kuma yi alkawari: ranar da aka ji kin kauce hanya, ni da hannuna zan rubuta wa ofishin sikolashif na Kaduna a dawo da ke. Kin yi shekara uku, saura biyu. Kin san ba na tayar da magana.

Saboda haka kada ki je wurin bikin. Kada ki ci abin da aka ajiye a gaban gunki. Kada kanki ya sunkuya, ko da takalminki ne ya kwance. Mu ma muna da labarin macijin rijiyar Kusugu, yaro da babba kowa ya san shi, amma ba wanda ya taɓa gina shi da laka ya durƙusa masa. Labari muka bar shi.

Kin sake tambaya ko ki zo hutu. Babu buƙata. Ba abin da ya same mu. Ki zauna ki yi karatu.

Mahaifiyarki,
Kubura.

Kalkata,
24 ga Oktoba, 1977.

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baffa da su Hasana. Lafiyata ƙalau. Ƙafar nan ki riƙa ɗora ta a kan kujera in kin zauna, kuma ki rage tsayuwa a aji, ko da yake na san ba za ki rage ba.

Inna, kin ce kada in je wurin biki. Ban je ba, shi ne ya zo. Rumfar unguwarmu a bakin ƙofarmu aka kafa ta, ko burodi zan saya sai na ratsa ta gefenta. Amma ban sunkuya ba, ban ci komai nasu ba. Mashima Shefali (haka ake kiran 'yar'uwar uwa a nan) da kanta ta ware mini tukunya, ta ce, “Wannan ba ta je gaban Uwa Durga ba, ci abinki.”

Bari in gaya miki abin da idona ya gani, tunda ke kika koya mini in duba abu kafin in yi magana a kansa. Da gora da ciyawa ake fara ɗaure surar, sannan a lafta mata lakar bakin kogi, a shafe, a yi fenti. Idanu ne ƙarshe. Kafin a zana su yara suna wasa a gefenta, bayan an zana kowa ya nutsu. Mace ce mai hannu goma, kowane hannu da makami, tana kan zaki, ta soke wani ƙato da ke fitowa daga wuyan ɓauna.

A labarinsu, wannan ƙaton aljani ne da ya roƙi kada wani namiji ya iya kashe shi, aka ba shi. Mace kuwa bai ma sa ta a roƙon ba, don raini. Ya addabi sama da ƙasa. Da allolinsu maza suka rasa yadda za su yi, sai suka haɗa ƙarfinsu ya zama mace, kowa ya miƙa mata makaminsa, shi ya sa hannuwan suka yi yawa. Suka yi ta yaƙi yana rikiɗa, har ta kama shi a siffar ɓauna ta gama da shi. Na ba Mashima labarin Kusugu, ta ce, “To ku me ya sa kuka jira baƙo namiji? Ba mata a garin?” Na yi dariya har na ƙware.

Kwana huɗu ana ganguna da turare da sababbin kaya. A rana ta biyar, duk wahalar nan da aka sha, sai aka ɗauke ta aka kai kogi aka saka a ruwa. Laka ta koma inda aka ɗebo ta.

Ga hoto mai launi na sa miki, na ranar ƙarshe ne. Ranar ba zan manta da ita ba, Inna. Mashima ta ce daga yau na zama 'yar gidansu. Sauran labarin yana da tsawo, sai takarda ta gaba.

'Yarki,
Maijidda.

Daura,
15 ga Nuwamba, 1977.

Yarinya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ana shirin babbar Sallah. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan.

Na ga hoton. Ɗankwalinki ya zame, kanki a waje a tsakiyar taro, wannan kaɗai ya isa magana. Amma jan abin da ke goshinki har cikin tsagar gashinki shi ne ban gane ba. Ba na son yanke hukunci da jahilci, don haka na ɗauki hoton na tafi gidajen malaman sakandare, wurin Misis Rawo, matar Ba'indiyen nan da ke koyar da kimiyya. Tana gani sai ta tafa hannu ta ce, “Barka, Malama! Yaushe aka yi bikin? Ba ki gaya mana ba!”

Na ce, “Wane biki?”

Ta ce, “Na aure mana. Wannan jan garin sindur ne. Budurwa ba ta sa shi a tsagar kai. Miji ne yake fara sa wa amarya ranar aure, daga nan ta riƙa sawa har ranar da ya mutu. Dubi nawa.” Ta sunkuyo da kai ta nuna mini. Sannan ta ɗora yatsa a kan wani mai farar riga da gilashi da ke tsaye a bayanki ta ce, “Wannan ne angon? Ai kuwa da alama mai hankali ne.”

Ban san yadda na dawo gida ba. Na sake karanta takardarki sau huɗu. “Na zama 'yar gidansu.” “Ranar ba zan manta da ita ba.” “Sauran labarin yana da tsawo.” Lalle yana da tsawo.

Ke da na tura ki koyo yadda za ki ceci matan da ke mutuwa wurin haihuwa don ba sa yarda likita namiji ya duba su, abin da kika koyo ke nan? Ilmin da bai hana mutum yaudarar uwarsa ba, jahilci ya fi shi mutunci. Kin zauna kina zayyana mini hannuwan gunki ɗaya bayan ɗaya, amma abin da ke kan goshinki ba ki ce uffan ba.

Ban ɓoye wa Baffanki ba, don a gabansa na yi alkawari. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai, “To, Malama, sai ki rubuta.” Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen Disamba, don takarda tana ɗaukar mako uku zuwa, mako uku dawowa.

Ki amsa mini a fili. Kin yi aure? Wane ne mai farar riga? Kina nan a kan sallarki? In Disamba ta ƙare ban ji daga gare ki ba, shirunki ya zama amsa.

Kubura.

Daura,
30 ga Disamba, 1977.

Yarinya,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. An yi Sallah, an ci nama, ni ban ji ɗanɗanonsa ba.

Mako shida ke nan. Kullum in an tashi daga makaranta sai na biya gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Jiya ya ce, “Malama, ko jirgin Indiya ya yi faci ne?” Na juya na tafi.

Na rubuta takardar. Na bayyana wa ofishin cewa ni da na tsaya miki na janye, a dawo da ke. Na sa hannu, na liƙe, na ba Baffanki. Ranar Lahadi takwas ga Janairu, in kasuwar Mai'adua ta tashi, zai bi motar shanu zuwa Kaduna ya miƙa ta da kansa.

Ba don in huce na yi ba. Gara ki dawo ba likita ba da ki zama likitar da ban san wa take bauta wa ba. In da miji, ki zo ki faɗa da bakinki, a san abin yi.

Hasana tana kuka, ta ce ko ba ki da lafiya ne. Na ce ta rufe mini baki. Amma in rashin lafiya ne, ki sa wani ya rubuto ko layi biyu.

Kubura.

Kalkata,
20 ga Disamba, 1977.

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Jiya na dawo daga wani asibitin ƙauye da aka tura ajinmu mako shida, na tarar da takardarki ta Nuwamba a kan teburina. Mashima ta adana mini ita, ba ta san wuta ce a ciki ba.

Ga amsa a fili. Ban yi aure ba. Mai farar riga mijin maƙwabciyarmu ne, mai shagon magani, 'ya'yansa huɗu, kuma matar da ke kusa da shi da fuska jajir ita ce tasa. Sallata ban bar ko ɗaya ba. Misis Rawo ba ta yi ƙarya ba, amma rabin maganar ta sani. Ga sauran, wanda ya kamata in rubuta tun farko.

A nan Bengal ba jaruma kaɗai suke ɗaukar Durga ba. 'Ya ce. Suna cewa an aurar da ita can kan duwatsu masu ƙanƙara, wurin miji mai wuyar sha'ani, kuma sau ɗaya a shekara ake barinta ta zo ganin gida da 'ya'yanta huɗu. Bikin nan duka ganin gida ne. Shi ya sa ake share-share, ake ɗinka sababbin kaya, ake dafa abin da ta fi so. Tun kafin ta iso tsofaffi suke waƙoƙin uwarta, wadda take damun mijinta ya je ya ɗauko mata 'yarta don ta yi mafarkinta ta rame. Kwana huɗu kawai take yi. Kai ta kogi da na gaya miki, rakiya ce, komawa ɗakin miji.

Ranar rakiyar matan aure suke zuwa sallama. Su shafa mata jan garin a goshi, su taɓa mata alewa a baki, su share mata fuska da ganye kamar mai share hawaye, su raɗa mata ta dawo baɗi. Daga nan sai su juya su shafa wa juna, ana dariya ana kuka. Ni ina tsaye a ƙofar gidanmu ina kallo.

Mashima tana da 'ya ɗaya tak, Mita. An aurar da ita Kanada, shekara huɗu ba ta zo ba. Kowace shekara sai ta gyara mata ɗaki. Ranar ta gama sallama da surar, ta juyo hannuwanta duk ja, idonta ya faɗa kaina. Sai kawai ta taho ta kama kaina da hannu biyu, tana kirana Mita, tana kuka kamar ranta zai fita. Nan ɗankwalina ya zame, nan jan ya hau. Da ta dawo hayyacinta ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ba a sa wa budurwa, kuma ta san ba addinina ba ne. Ita ta ɗebo ruwa ta wanke mini kafin la'asar. Kafin nan mai kyamara ya riga ya ɗauka.

Ban ture ta ba, Inna. In akwai laifi, shi ne wannan, kuma ko yau aka sake ba na jin zan iya ture ta.

Zan faɗi wani abu, ki gafarce ni. Na san ni 'yar fari ce. Na san kunya ba ta barin ki kama sunana, ko ki nuna kin damu da ni a gaban mutane, kuma ban taɓa ganin laifinki ba. Amma ranar na ga uwa tana kiran sunan 'yarta a tsakiyar titi, ba ta jin kunyar kowa, sai na ce a raina, ina ma ni ce. Sau uku ina tambaya ko in zo hutu, sau uku kina cewa babu buƙata. Shi ya sa na aiko da hoton. So nake ki ga wani ya riƙe ni.

Kada ki aika takardar nan. A ƙauyen da muka je na karɓi haihuwa goma sha ɗaya da hannuna, ɗaya jaririn a gicciye ya zo, kuma daga uwar har ɗan suna raye. Saura shekara biyu, Inna.

'Yarki,
Maijidda.

Daura,
10 ga Janairu, 1978.

Yarinya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai dai ƙafar ta kumbura, kuma za ki ji dalili.

Takardarki ta iso ranar Asabar bakwai ga wata. Mai ba da wasiƙu da kansa ya fito bakin hanya yana ɗaga ta sama. A tsaye na karanta. Daga nan na wuce wurin Misis Rawo, don wanda ya ji rabi daga bakin mutum ya kamata ya koma ya ji ko ya yarda da sauran. Ta dafe kai ta ce, “Wayyo, Malama! Ni 'yar kudancin Indiya ce, wannan wasan na matan Bengal ne, labarinsa kawai nake ji. Na jawo wa yarinya!” Na ce ba ita ta jawo ba. Ni ce na tambayi mutum ɗaya na ɗauka na tambayi ƙasa guda.

Ranar Lahadi da safe na nemi mota zuwa Mai'adua, duk sun cika da 'yan kasuwa. Babur na hau. Ni, da shekaruna, da mayafina, a bayan babur. Kada in ji wannan a bakin Hasana.

Na sami Baffanki a kara ana loda shanu. Ya gan ni ya saki baki.

“Malama, ke ce a kan babur? Wa ya mutu?”

Na ce, “Ba wanda ya mutu. Ba ni takardata.”

Ya ce, “Alkawarin fa?”

Na ce, “Alkawarin in ta kauce ne, Alhaji. Ba ta kauce ba. Rungume ta aka yi.”

Muka koma inuwar mota na karanta masa takardunki biyu daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko inda kika yi mini tsiya ba. Da na zo kan ɓauna sai ya tsayar da ni. “Tsaya, mace ce ta kashe ɓaunan? Ita kaɗai?” Na ce haka suke faɗa, kuma hannunta goma. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Mu da muke fama da mai hannu biyu.” Dillalai suka yi ta dariya. Ban ga abin dariya ba.

Da na zo kan matar nan da 'yarta, sai ya cire hula, ashe a ciki ya ajiye ambulan ɗin, duk ya jiƙe da gumi. Ya miƙo mini ya ce, “In ta gama ta zo ta duba mini idon nan, ya fara hazo.”

Yanzu ki saurara, don ban gama da ke ba. Gunki gunki ne, ko hannunsa ɗari. Abin da suke yi ba hanya ba ce, kuma kada tausayi ya sa ki manta. Ɗankwali a ɗaure shi yadda ko an ja ba zai zame ba. Kuma mai hankali ba ya aika hoto ya ce bayani sai takarda ta gaba. Da kin ƙara layi uku da ba a kai ga babur ba.

Amma ba ki yi laifi da kika tsaya ba. Da kin ture ta, da shi ne zan ce ban yi tarbiyya ba. Ki gaya wa Shefali mahaifiyarki ta gode da tukunyar da ta ware miki da ruwan da ta ɗebo. Ki ce ina roƙon Allah ya kawo mata 'yarta kafin ta sake gyara ɗaki a banza.

Sauran magana ɗaya. Baffanki bai tafi Kaduna hannu wofi ba. Na karɓi waccan, na ba shi wata da na rubuta tun ranar Asabar. Kin san ofishin yana ba ɗalibi tikitin zuwa gida sau ɗaya a tsakiyar karatu. Naki yana nan ba a taɓa ba, don ni na hana. Tsoro nake ji in kin zo a ga kin canza a hana ki komawa, kuma kunya ta hana ni cewa ina son ganinki. Na nemi a ba ki shi a dogon hutu.

Na yi ta tunanin mutanen nan. Sun gina 'ya da laka, kuma ko ita ba sa yarda ta shekara ba ta zo gida ba. Ni tawa mai rai ce, na bar ta shekara uku ina ce mata babu buƙata.

Akwai buƙata. Na sa Jafaru ya fara yaɓen ɗakinki.

Maijidda, ki zo gida.

Mahaifiyarki,
Kubura.